Na mayar da Caps Lock ya zama Ctrl

Wallahi maɓallin Caps Lock na kibod cin wuri kawai yake, ga shi dab da ƙaramin yatsa amma sai ka wuni kana taifin ba ka taɓa shi ba, shi kuma Ctrl da kullum ake dannawa wajen kwafi an tura shi can lungu, yatsa ya yi ta lanƙwashewa har ya fara ciwo. Shi ya sa na canza.

A Mac cikin saitin kibod akwai Modifier Keys, nan take an gama. Windows kuwa sai ka sauke PowerToys na Microsoft, kyauta ne, ka shiga Keyboard Manager, amma fa sai manhajar tana kunne canjin zai yi aiki. Masu Linux a X11, wato tsarin da ke nuna tagogi a allon kwamfuta, rubuta umarnin setxkbmap -option ctrl:nocaps a Terminal, wurin rubuta umarni, ya isa. Manyan baƙaƙe kuma Shift zai yi maka.