Kwana tara a bakin Kogin Mara

Da asuba muka bar Nairobi, ni da maigidana mai ɗaukar fim da direba, bayan mota maƙare da akwatunan kamara. Muka gangara babban kwarin nan na Rift, muka wuce Narok, kafin la'asar mun shiga gandun dajin Masai Mara. Watan Agusta ne, lokacin da nyumbu, wata dabba mai ƙirar ɓauna amma siririya, ke baro Serengeti ta Tanzaniya zuwa Kenya neman ɗanyar ciyawa. Sun haura miliyan 1, ga jakunan dawa a cikinsu, kuma dole su ƙetare Kogin Mara inda kadoji ke kwance suna dako. Wannan ƙetarewa muka zo ɗauka.

A da na ɗauka aikin mai ɗaukar fim ɗin gaskiya iya riƙe kamara ne. Ashe zama ne. Kullum tun kafin fitowar rana mun ɗaure kamara a ƙofar mota, da doguwar tabaraunta mai jawo nesa kusa. Nawa aikin goge ƙura, canza batir, da dare kuma in kwafe abin da muka ɗauka a ma'ajiya biyu, don idan ya ɓace ya ɓace ke nan. Garke zai taru a gaɓa, dubbai, suna ta gurnani. Na gaba ya leƙa ruwa, ya ja da baya, sai duk su watse. Haka muka yi ta yi.

Rana ta shida na gaji, na ce, "Maigida, mu gwada wancan mashigi mana."

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Yaro, a fim ɗin wasa darakta yakan ce a sake. A nan wa za ka ce wa ya sake?"

Rana ta tara da hantsi guda ɗaya ya faɗa ruwa, saura suka bi shi kamar an ɓalle madatsa. Ƙura ta turnuƙe, kogi ya koma baƙi. Duk motocin da ke wurin kan kadoji suka juya kamarorinsu. Maigidana kuwa wani ɗan maraƙi ya bi, wanda ya haye lafiya, ya duba bai ga uwarsa ba, ya sake tsunduma ya koma hayin da ya baro. Bai ɗauke ido daga kansa ba har ya fita, hannunsa ko motsi. Ni kam batirin da ke hannuna rawa yake yi.