Mita goma, hannu ɗaya

Ni malamar wasanni ce a wata makarantar 'yan mata da ke Tudun Wada a Kaduna, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba rashin ƙwallo ba ne. Yarinya za ta fi kowa gudu a ƙananan azuzuwa, da ta fara zama budurwa sai saƙo ya zo daga gida: "Malama, ta girma, a daina sa ta tsalle-tsalle." Ba na musu da iyaye, na san me suke gudu. Amma tun gasar Olamfik ta Paris a 2024 raina ya ƙwallafa a kan wani wasa da wannan uzurin ba ya aiki a kansa, wato harbi da ƙaramar bindigar iska.

Mace za ta tsaya mita 10 daga takardar bara, ta ɗaga bindigar da hannu ɗaya tal, babu jingina, babu madubin ƙara gani. Ɗaya hannun yawanci yana cikin aljihu. Babu albarushi a ciki, matsattsiyar iska ce ke tura 'yar ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne, kusan maɓallin riga. Doka ta ce bindigar kada ta wuce giram 1,500, kunamarta kuma kada ta tashi sai an matsa mata da nauyin giram 500. A nan gizo ke saƙar. Dole yatsa ya ja da ɗan ƙarfi, alhali sauran hannun bai san ana yi ba.

Harbi 60 ake yi cikin minti 75 a zagayen share fage. A da mata 40 suke harbawa, sai a 2018 hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ta daidaita su da maza. Takwas ke shiga zagayen ƙarshe, a goge makin baya a fara daga sifili, kuma nan ana ƙirga har ɗigo, mafi girma 10.9. Daga harbi na 12 ake fara sallama, duk bayan harbi biyu a cire ta ƙarshe.

Na gwada ɗalibaina da gorar ruwa ta lita ɗaya, na ce kowa ta miƙe hannu ta riƙe. Masu ƙarfin da nake ji da su ne suka fara karkarwa, don gorar suke shaƙewa. Wata shiru-shiru da ba ta taɓa ci mini tsere ba ita ta tsaya ƙyam.

A Paris, ranar 28 ga Yuli, Oh Ye-jin ta Koriya ta Kudu ta ɗauki zinare tana 'yar shekara 19, 'yar ƙasarsu Kim Ye-ji ta ɗauki azurfa, Manu Bhaker ta Indiya ta samu tagulla. Duniya ta ɗauki Kim saboda tabarau da ɗaure fuska, ni kuwa Manu ce ta burge ni. A Tokyo bindigarta ta samu matsala ana tsakiyar gasa, ta koma gida hannu rabbana, aka yi ta yi mata surutu. Shekara uku bayan nan ta zama mace ta farko da ta ci wa Indiya lambar Olamfik a harbi, kwana biyu tsakani ta ƙara wata tagullar tare da Sarabjot Singh.

Sai kuma Nino Salukvadze ta Jojiya. Ta ci azurfa a Seoul a 1988, shekarar da aka fara wannan gasa ta mata a Olamfik, kuma tana nan a Paris, karonta na goma. A 2016 ita da ɗanta suka je Rio, kowa da bindigarsa. Ina wasan gudun da zai jira mace ta yi aure, ta haihu, ta yaye, ta dawo? Matan Iran kuwa da hijabinsu suke tsayawa a layi, ba wanda ya ce su tuɓe komai.

Da na kawo wa yayana maganar, tsohon soja ne, sai ya girgiza kai. "Ke dai ba kya rabo da ɗauko magana. A Kadunan nan za ki ce wa uba ya ba 'yarsa bindiga?" Na ce, "Yaya, ta iska ce fa, takarda ake harbi." Ya ce ko ta iskar sai da lasisin 'yan sanda, kuma mutanen da suka ga abin da aka gani a hanyar Birnin Gwari ba za su tsaya tambayar me ke cikinta ba. Gaskiyarsa. Ga kuma tsada, don masu kyan daga Turai ake kawo su, kamfanoni irin su Steyr da Morini da Walther.

Duk da haka garin nan ne ke da makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA, ga kamfanin ƙera makamai na DICON a Kakuri, ga barikin soja na Jaji nan kusa. Masu iya koyar da saiti da ƙa'idar riƙe makami ba su yi mana ƙaranci ba. Bindiga biyu a ajiye a hannun hukuma, mai horarwa ɗaya, da amincewar iyaye a rubuce, sun isa a fara. Ɗakin taron makarantarmu ya haura mita goma, na sa awo na duba.