Inda na kai da kwafar bayanai zuwa ƙwaƙwalwa mai ɗorewa

'Yan'uwa masu koyon kenel ɗin Linux, ga inda aikina ya tsaya. Ba ni da Optane, wato ƙwaƙwalwa mai ɗorewa ta Intel wadda ba ta rasa bayanai in wuta ta ɗauke, ba na kuma sa ran ganinsa a shagunan kwamfuta na Damagaram, tunda Intel da ya fito da shi a 2019 ya sanar da jingine shi a 2022. Sai na ware wani yanki na RAM da memmap=2G!4G a GRUB, /dev/pmem0 ya bayyana, na ɗora masa tsarin fayil na ext4 da zaɓin dax, wanda ke ba shiri damar taɓa ƙwaƙwalwar kai tsaye. Kwaikwayo ne kawai, in an ɗauke wuta komai ya tafi, amma umarnan da ake amfani da su ba su canza ba.

Abin da ya kamata ya zauna mana a kai: memcpy ta gama ba ya nufin bayanai sun isa. Suna iya zama a kash, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin firosesa, kamar ɗan aiken da ya ce "to" amma har yanzu yana zaure. A RAM ba damuwa. A ƙwaƙwalwa mai ɗorewa kuwa, wuta ta ɗauke a lokacin, ka tashi da rabin sabo rabin tsoho.

Kash yana aiki da layi-layi, kowane layi bayit 64. Akwai umarnai uku na wanke layi, wato tura shi zuwa ƙwaƙwalwa. CLFLUSH yana korar layin gaba ɗaya, amma yana da jinkiri. CLFLUSHOPT ya fi shi sauri. CLWB kuma yana rubuta layin, yana iya barin kwafinsa a kash don karatu na gaba. Waɗannan biyun na ƙarshe sai an bi su da SFENCE, umarnin da ke hana rubutun gaba wuce su. Da zarar rubutu ya kai jerin jira na mai kula da ƙwaƙwalwa, tsarin ADR ya ɗauki nauyin ƙarasa shi ko da wuta ta tafi.

Inda na fi daɗewa shi ne memcpy_flushcache, wadda ta shiga Linux 4.13 a 2017. Ku buɗe ta ta x86 ku karanta, gajera ce. Ta raba kwafin uku. In adireshin farko na inda za a zuba bayanan bai faɗa daidai kan bayit 8 ba, sai ta kwafi wannan ɗan guntun da memcpy ta yau da kullum, ta wanke layinsa. Tsakiyar tana tafiya da MOVNTI, wanda ba ya ajiye komai a kash. Ɗan abin da ya rage a wutsiya, a yi masa yadda aka yi wa kan. Babu SFENCE a cikinta, wannan aikin wanda ya kira ta ne, kuma a ganina nan ne mai koyo zai fi saurin zamewa.

Dalili kuwa, bayit 8 kaɗai aka lamunce za su sauka tare. Don haka a ɗan shirina na fara rubuta bayanai, in wanke, in sa SFENCE, sannan in rubuta alamar "an gama", ita ma in wanke ta. Ka juya wannan tsari, alama za ta iya riga bayanai isa.

A ɓangaren manhaja, pmem_memcpy_persist ta PMDK, tarin laburaren aiki da ƙwaƙwalwa mai ɗorewa, tana haɗa duk wannan, kuma ba ta komawa rubutu mai tsallake kash sai kwafi ya kai bayit 256. Injinan da ke da eADR, inda kariyar ADR ta haɗa har da kash, ba sa buƙatar wanke kash, amma ni ba zan gina shiri a kan injin da ba mu da shi ba.

Na gaba, zan gwada nvdimm, kwaikwayon ƙwaƙwalwa mai ɗorewa, a QEMU, manhajar kwaikwayon inji. Kafin nan, kowa ya duba /proc/cpuinfo ya ga ko firosesarsa tana da clwb ko clflushopt, mu kwatanta saurinsu.