Maki biyun Rashida

Tun bayan sallar isha'i nake juya maganar da Yaya Fuseini ya yi a bakin fili da yammacin nan, kuma har yanzu ta ƙi kwanta mini. Su Rashida 'yarsa sun ci wasansu na ƙwallon kwando, 'yan mata suna ta tsalle suna rungumar juna, shi kuwa sai ya karɓi takardar maki daga hannun malaminsu, ya bi sunaye da yatsa har ya iso kan nata, ya ce, "Maki biyu? Duk kuɗin takalmi da na trotro daga Nima, maki biyu ta kawo mini?" Da dariya ya faɗa, kuma kun san Yaya ba shi da mugun nufi, amma yarinyar tana durƙushe a bayansa tana kwance igiyar takalmi, na kuma ga yadda hannunta ya tsaya.

Ni da na kalli wasan tun daga farko, abin da na gani daban ne. Ɗaya ƙungiyar tana da wata doguwar yarinya wadda a zangon farko take jefa ƙwallo a kwando yadda ta ga dama. Da aka ɗora mata Rashida, sai ta daina samun wurin tsayawa a ƙarƙashin kwando, domin duk lokacin da ƙwallo ta tashi sama Rashida takan lanƙwasa gwiwa, ta sa baya ta tokare ta, ta tura ta waje da kaɗan-kaɗan har ƙwallon ta faɗo hannun 'yan ƙungiyarmu. Makin da abokiyar wasanta Memuna ta yi ta zubawa ana tafa mata kuwa, yawancinsu sun samu ne bayan Rashida ta tsaya cak ta tare wa mai tsaronta hanya. Takardar malam ba ta da gurbin rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Da muka zauna cin tuwo a gidan Hajiya na tayar da zancen. Na ce, "Yaya, bari in ba ka misali da Las Vegas Aces, tunda ka san ita ce ƙungiyar da take hana ni barci." A kakar 2023 ta gasar WNBA ta ƙwallon kwandon mata a Amurka sun ci wasa 34, aka ci su 6 kacal. Kowa yana ambaton A'ja Wilson, da Chelsea Gray mai rarraba ƙwallo, da Kelsey Plum da Jackie Young. To amma da Candace Parker ta ji rauni a ƙafa a tsakiyar kakar, wadda kociya Becky Hammon ta sa a cikin biyar ɗin farko ita ce Kiah Stokes, wadda ba ta cika wuce maki biyu ko uku a wasa ba. Masu jefawa huɗu sun ishi ƙungiya. Abin da ake nema a wurin ta biyar shi ne ta tsare bakin kwando, ta cafe ƙwallon da ta dawo daga allo, ta ɗauke wa Wilson wahalar kokawa da manyan 'yan tsakiya.

Ban rufe baki ba Alhassan ya ɗago kai daga wayarsa ya ce, "Goggo, ai ranar da suka ɗauki kofin Stokes ba ta buga ba." Yaya ya tuntsire da dariya har ya ƙware.

Gaskiyar yaron ce, kuma wannan wasan ne ma ya fi ƙarfafa mini hujja. Ranar 18 ga Oktoba 2023 aka buga shi a Brooklyn, gidan New York Liberty, da tsakar dare agogon Accra. Gray da Stokes duk sun ji rauni a wasan da ya gabata, Parker ma tana jinya, saboda haka Hammon ta ɗauko Alysha Clark da Cayla George daga benci ta fara da su. George, 'yar Ostareliya wadda ba ta cika samun shiga fili ba duk tsawon kakar, ta ci maki 11. Clark kuwa, tana da shekara 36 a lokacin, ita ta fi ɗaukar nauyin tsaron Breanna Stewart ta Liberty, wadda ta fi ta tsayi nesa ba kusa ba, kuma ita ce gwarzuwar gasar a shekarar. Stewart ta jefa ƙwallo sau 17, uku kawai suka shiga. An tashi 70 da 69. A wasan da maki ɗaya ya raba, ina son wani ya gaya mini nawa ne darajar ƙwallaye goma sha huɗun da ba su shiga ba, kuma a gaban sunan wa ya kamata a rubuta su.

Yaya ya ce, "Ita Wilson ɗin nawa ta ci?" Na ce maki 24, ta kuma cafe ƙwallo 16 daga allo. Ya ce, "To kin ji." A nan Hajiya ta sa baki, ita da ba ta taɓa kallon ƙwallon kwando ba, ta ce, "Fuseini, mai zuba waakye a ganye ita masu saye suke gaisarwa, amma wadda ta tashi tun kafin asuba ta hura wuta fa?" Bai ba ta amsa ba, sai ya nemi a miƙo masa ruwa.

Ban musa girman Wilson ba, kuma ba zan musa ba. Sai dai a 2024 ta zama mace ta farko a gasar WNBA da ta ci maki 1,000 a kaka ɗaya, duk masu zaɓe suka ba ta kyautar gwarzuwar gasa ba tare da ko mutum ɗaya ya saɓa ba, amma Liberty ta fitar da su a wasan kusa da na ƙarshe. A 2025 kuma Jewell Loyd, wadda ta fi kowa cin maki a gasar a 2023 tana Seattle, ta zo Aces, abubuwa suka ƙi daidaita, har ta koma shigowa daga benci. A farkon Agusta Minnesota ta lallasa su 111 da 58, daga nan suka ci wasa 16 a jere, suka ƙare da ɗaukar kofi a hannun Phoenix ba tare da an ci su ko wasa ɗaya ba a zagayen ƙarshe. Mace mai suna irin na Loyd ta yarda a fara wasa tana zaune, wannan a wurina gudummawa ce, ko da yake babu alƙalamin da yake lissafa ta.

Abin da ya hana ni barci shi ne, a cikin zolayar Yaya akwai wani yanki na gaskiya da ban so in faɗa a gabansa ba. 'Yar wasan da ba ta jefawa, abokan hamayya sukan ƙyale ta su je su taru a kan tauraruwa, sai harin ƙungiya ya koma mutum huɗu a gaban biyar. An sha yi wa Stokes haka, kuma a 2025 da Aces suka ɗauko NaLyssa Smith daga Dallas, gurbin ya koma hannunta. Clark ta daɗe a gasar ne saboda bayan tsaro tana iya jefa ta maki uku idan aka bar ta ita kaɗai. Yau sau da dama na ga Rashida ta samu ƙwallo babu kowa a gabanta, ta dubi kwando, sannan ta miƙa wa Memuna. Ina tsoron kada ta saba da zama wadda take yi wa wasu hidima har ta manta cewa ita ma tana da hannu, kuma ina tsoron maganar ubanta ta sa ta tsani aikin da ta fi kowa iyawa.

Ta ci tuwonta a ɗaki, ba ta fito ba har muka tashi.

Kafin in taho na ja Alhassan gefe na ce ya riƙa kai ƙanwarsa fili ranar Asabar da sassafe, kafin rana ta yi zafi, ta yi ta jefawa daga kusurwa har hannunta ya saba. Ya amince, da sharaɗin koko da ƙosai su zama a wuyana, shi da abokinsa da zai riƙa tsinto musu ƙwallo.