Guntun fayif ɗin da ya karya mani fulogi a cikin tof

Har yau in na tuna ƙarar nan sai in ji cikina ya juya. Kuma ba wata babbar ƙara ba ce fa, ɗan "ƙas" ne kawai kamar an taka busasshen kara, sai na ji sifana ta yi sakwaf a hannuna tana juyawa ba nauyi. Wallahi har hamdala na yi, na ce yauwa ya kwance. Da na zaro soket ɗin sai ga kan fulogi da farin tangaran ɗinshi sun biyo, amma gindin mai tiredi babu shi, yana can ƙasan rami ya yi zamanshi a cikin tof, wato kan injin da ake ɗaura fulogi a jikinshi.

Motar Corolla ce 2006 mai inji 1ZZ, 'yar Kwatano, shekara biyar kenan tana hannuna ba ta taɓa kunyata ni ba. Ranar Alhamis ce ina dawowa daga Daura, tun wajen Mashi ta fara misin, in na taka sai ta riƙa fizga, cek inji na ta ƙyaftawa. Na lallaɓa da ita har Katsina bayan la'asar, na tsaya na sayi fulogi huɗu, don tun da na saye ta ban taɓa canza su ba, irin iridiyam ɗin nan ne masu dogon kwana. Ga shi ranar Asabar akwai ɗaurin auren ƙanwar maman yara a Dauran, kuma ni zan ɗauki su Hajiya. To kun ji inda gaggawar ta samo asali.

Canza fulogi ba baƙon abu ba ne wurina, na yi shi a tsohuwar Golf ɗina ba adadi. Ina shiga gida na buɗe bonet, ko minti ashirin ban ba injin ba, na cire koyil huɗun da ke zaune kan fulogi suna ba su wuta, na kama kwance fulogi, na ɗaya ya fito, na biyu ya fito, na huɗu ma haka. Na uku ya ce bai san zancen ba. Na danna da hannu biyu ko motsi. Ƙanena da ke riƙe mani fitilar waya ya ce, "Yaya, da ka bari ya huce zuwa safe." Na ce kai dai riƙe fitila. Sai idona ya kai kan wani guntun fayif na ƙarfe da ya rage tun lokacin da aka ɗora mana tankin ruwa, tsawonshi ya fi kamu ɗaya, na ɗauko na zura a hannun sifana na jingina jikina duka.

Fayif. A kan fulogi. A inji mai zafi da tof na alminiyam. Ni da nake ganin na san mota.

Wanda bai taɓa riƙe karyayyen fulogi a hannu ba ba zai gane rashin ƙwarin abin nan ba. Daga waje kana ganin kan nan na lamba 16 sai ka ɗauka dunƙulallen ƙarfe ne kamar kusa, alhali gindin nan mai tiredi milimita 14 bututu ne kawai, cikinshi rami ne da tangaran ke bi, kuma wuyan da ya haɗa shi da kan siriri ne ƙwarai. An yi shi ne don a ɗaure shi da ɗan ƙarfi kaɗan, wajen Nm 25 a wannan injin, ƙarfin da ko yaro zai iya yi da hannu ɗaya. Ni kuma na ɗora mashi nauyin magidanci da fayif. Ai ya ma yi haƙuri.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Maman yara ta tambaye ni lafiya, na ce ɗan ƙaramin aiki ne ya rage, ta dube ni ta dubi ƙanena, shi kuma munafukin sai ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Da safe na fara kiran mutane. Yaro na farko da ya zo ko leƙa ramin bai yi da kyau ba ya ce Alhaji sai an sauke tof. Sauke tof a wannan injin kuwa ba wasa ba ne, sai an taɓa cen ɗin taimin, sabon gasket, a zubar da ruwa da mai, a kai wa masu tana, wato masu injin goge ƙarfe, ga kwana biyu ko uku mota na kwance in an yi sa'a, kuma ni tsorona duk injin da aka buɗe mashi kai a hannun wanda bai ƙware ba to kun ƙulla zumunci da gareji kenan. Na biyu ya ce a kawo mai walda a liƙa kusa a jikin guntun a juya. A ramin da ya kusa kai tsawon tafin hannu zurfi, faɗinshi da ƙyar soket ke shiga, ga silinda a buɗe a ƙasa tartsatsi na zuba ciki? Na ce mashi na gode, zan neme ka.

Wani abokin aikina ne ya haɗa ni da wani dattijo da ke da gareji ta wajen Ƙofar Ƙaura, kowa Baba yake ce mashi. Ya zo kan tsohon babur ɗinshi da 'yar jakar buhu. Ya karɓi karyayyen kan ya jujjuya, ya haska ramin ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, da mi ka kwance?" Ban ma amsa ba, fayif ɗin na nan jingine da taya inda na yar da shi. Ya ɗauka ya auna nauyinshi a hannu ya ce, "Wannan ai na tayar tirela ne." Na ce Baba ƙaddara ce. Ya ce ƙwarai kuwa, amma kai ka ɗauko ta da hannunka.

Shi ya nuna mani dalilin da na uku ya kama. Bangon ramin duk jan tsatsa ne, robar koyil ɗin wurin ta tsage, wato duk sanda na kai wankin inji yaran suka saka mashi ruwa mai ƙarfin nan, ruwa na shiga ya kwanta a gindin fulogi, ya bushe, wani ya sake shiga, shekara da shekaru. Ƙarfe da alminiyam suka manne. Ya ce da na bar injin ya huce na fesa mai na bar shi ya kwana, na riƙa yi mashi gaba kaɗan baya kaɗan, da wataƙila da kanshi zai fito. Kalmar "da" ɗin nan ta fi komi ƙona mani rai ranar.

Abin da ya fara yi bai wuce fesa man sassauta tsatsa na WD-40 a gefen tiredin ba, ya ce mu bar shi. Ni ina ta duba agogo, shi ya samu inuwar darbejiya ya zauna yana shan shayin da aka kawo mashi. Bayan awa ɗaya ya sake fesawa. Muka tafi masallacin Juma'a muka dawo ya sake fesawa. Na ce Baba gobe fa ɗaurin aure, ya ce jiya ma ai saurin ka yi.

Wajen ƙarfe uku ya tashi. Ya ce sai an saukar da fistin na uku ƙasa kada bakin abin cirewa ya taɓa shi, kuma tunda na biyu da na uku tare suke hawa tare suke sauka, sai ya zura doguwar sukundireba a ramin na biyu, ƙanena na juya injin da hannu ta fuli har ta nutse iyakar nutsewarta. Sannan ya zazzage jakar ya fito da izi-awut, wato ƙarfen da ake cusawa cikin karyayyen abu mai tiredi a kwance shi, iri biyu, ɗaya mai murɗaɗɗen jiki kamar igiya, ɗaya mai kusurwa huɗu miƙaƙƙe. Ni da mai murɗin zan ɗauka don shi ya fi kama da abin kirki. Baba ya ce a'a, mai murɗi yana ƙara nutsewa ne in kana juyawa, to a siririn bututu irin wannan buɗa shi zai yi ya ƙara matse shi a jikin tof. Mai kusurwa kuwa cizo kawai yake ya tsaya. Ya kuma ja mani kunne tun kafin ya fara, ya ce ƙarfen izi-awut ya fi bakin diril tauri, in ya karye a ciki babu mai huda shi, to nan kam sai sauke tof, don haka kada in yi mashi magana.

Ya saka mai kusurwar a soket da ƙarin hannu ya zura a hankali, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma sau uku, ba duka ba, kamar mai sallama a ƙofar surukai. Ya kama 'yar gajeriyar sifana, ko rabin fayif ɗina ba ta kai ba, ya ja hagu a hankali ya riƙe. Shiru. Ya saki, ya fesa mai, ya sake ja ya riƙe. Ina tsaye ina jin bugun zuciyata a kunne. A karo na huɗu ko na biyar sai muka ji "ƙiiit", ya motsa kamar faɗin farce. Bai yi murna ba, sai ma ya mayar da shi dama kaɗan, ya sake hagu, dama, hagu, yana fesawa, ya fi minti ashirin a haka kafin guntun ya biyo izi-awut ɗin waje, baƙi ƙirin da jan tsatsa, 'yar ƙugiyar ƙasan na nan a jikinshi.

Na buɗe baki zan fara godiya ya ɗaga mani hannu. Ya ɗauko kan da na karya jiya ya nuna mani bakin tangaran ɗin, ashe gefe ɗaya ya ɓalle, ɗan guntu ya tafi. Ina ya tafi? Cikin silinda mana. Ni ban ma lura ba, da ni kaɗai ne da tuni na ɗaura sabo na tada mota, tangaran kuwa ya fi alminiyam tauri nesa, ya samu fistin da bawul yana ta daka har sai ya yi ɓarna. Maganaɗisu kuma ba ya kama shi. Aka tura ƙanena wajen wani mai sikanin mota ya aro 'yar kyamarar nan mai waya da ake jonawa da salula, muka zura, sai ga shi fari fat a gefen fistin, bai fi ƙwayar dawa ba. Baba ya samu siririyar robar ƙarin ruwa ta asibiti ya shafa giris a bakinta, yana zurawa yana lalube ina riƙe da waya ina ce mashi hagu Baba, gaba kaɗan, ya wuce, dawo. Har aka kira la'asar muna abu ɗaya. Da ya fito manne da giris ɗin sai da na zauna a ƙasa.

Sauran aikin bai daɗe ba. Tiredin tof ya ɗan ci a bakin farko amma bai mutu ba, ya ɗauko wani tsohon fulogi da ya tsaga wa jiki da zarto, ya cika tsagar da giris ya shigar ya fitar sau uku yana gogewa, muka tsira daga helikoyil, wato dasa wa ramin sabon tiredi. Ya cire fiyus ɗin EFI, wanda ke ba tsarin fesa fetur wuta, ya sa na yi sitata ba fulogi ko ɗaya don man da ya zuba ciki ya feso waje. Sababbin fulogin kuma da guntun tiyo ya fara ɗaura su, ya ce in tiredi ya hau karkace tiyo zamewa zai yi ba zai ci tof ba, sai da suka zauna da hannu sannan ya ƙara rabin juyi da sifana. Ya ce in canza baƙin mai kafin in hau hanya.

Muka tada mota. Ta yi hayaƙi na ɗan lokaci ya washe. Tana misin.

Wallahi kamar in yi kuka. Baba bai ce komi ba, ya kashe, ya ɗauke koyil na uku ya kai na ɗaya, na ɗaya ya dawo na uku, da ma mai sikanin ya biyo kyamararshi, ya jona na'ura, lambar da ke nuna P0303 ta koma P0301, wato misin ɗin ya bar silinda na uku ya bi koyil ɗin zuwa na ɗaya. Koyil ne. Tun daga Mashi koyil ne ya mutu, ruwan da ya tsatsar da fulogin shi ya kashe shi. Aikin minti biyu da sifana lamba 10, da na yi musanyar nan ranar Alhamis da ko fulogi ɗaya ban taɓa da zafi ba, balle in je ina neman fayif. Duk wanda motarshi ke misin kuma mai koyil ɗai-ɗai ce, don Allah ya fara da wannan, kyauta ne.

Kuɗin Baba da na mai sikanin da baƙin mai da koyil ɗan Kwatano da muka samo dab da magariba, in aka haɗa sun ninka kuɗin fulogin nan huɗu ban san sau nawa ba, na ƙi lissafawa da gangan. Ranar Asabar mun isa Daura kafin a shafa fatiha, amma duk hanya rediyo a kashe, kunnena na kan inji, Hajiya na ta tambaya ko azumin magana nake.

Fayif ɗin kuwa da Baba zai tafi ya ɗaure shi a bayan babur. Na ce Baba ai na gida ne, ya ce ya sani, in na tashi kwance tayar tirela in zo gareji in ara.