Littafin Gaɓa: Yadda Muka Fara Bin Sawun Kifinmu a Yauri

Kifin banda da ke fita daga Yauri zuwa Anacha da Legas da Abuja ba shi da asali a rubuce. Da zarar an ɗaure kwali an ɗora a mota, babu mai iya gaya maka ko tarwaɗar da ke ciki daga Warra ta fito ko daga Zamare, wane masunci ya kama ta, da wace irin koma, wace ce ta banda ta. Haka muka taso muka tarar, amana ce kawai tsakanin dillali da mai saye.

Wata Hajiya da ke sayen kayanmu ce ta tayar da zancen. Tana da shago a Abuja, tana zuba kifi a leda mai lambar NAFDAC, kuma tana son ta fara aikawa ƙasashen waje. Masu karɓa a can suka dame ta da tambayar inda kifin ya fito da yadda aka kama shi, wasu har suna neman tambarin da ke nuna ba a cutar da ruwa ba. Ni ne magatakardan ƙungiyarmu ta 'yan kifi, sai aka ɗora mini neman bayani.

Tambarin da ya fi suna shi ne shuɗin nan mai hoton kifi na MSC, ƙungiyar da WWF (asusun kare halittun duniya) da kamfanin Unilever suka kafa a 1997, hedikwatarta tana Landan. Na kifin da aka kama a ruwa ne. Kifin da ake kiwo yana da nasa, na ASC, wadda aka kafa a 2010. MSC tana duba abu uku: ko kifin yana da yawan da zai ci gaba da hayayyafa, ko salon kamun yana ɓata sauran halittun ruwa, da kuma ko akwai hukuma da doka masu aiki da gaske. Takardar shaidar tana shekara 5, kowace shekara masu bincike suna dawowa. Ba ta teku kaɗai ba ce, domin masuntan tafkin Hjälmaren a Suwidin sun samu tun 2006. A Afirka, masu kamun kifin teku na Afirka ta Kudu sun samu a 2004, na Namibiya a 2020.

Da na karanta sharuɗɗan na gane cewa wannan ba takarda ba ce da ɗan kasuwa ɗaya zai je ya biya ya karɓo. Ruwan da kamun da ake yi a cikinsa ake aunawa. Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar a 1968, yana tsakanin Kebbi da Neja, kuma masunta daga ko'ina suna shiga. Wa zai kawo lissafin yawan giwan ruwa ko ƙarfasa da ake fitarwa duk shekara? Wa zai biya masu binciken da kuɗinsu da dala ake lissafa shi? Na gaya wa 'yan ƙungiya gaskiya, cewa wannan tambarin ya fi ƙarfinmu a yanzu.

Amma akwai sashe na biyu na tsarin, wanda ya shafi duk hannun da kifi ya bi daga masunci zuwa mai ci. Sharuɗɗansa ba su da wuyar fahimta: ka san wanda ka saya a wurinsa, kayan su kasance da alama, kada a cakuɗa su da wasu, a rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wannan kam babu wanda zai hana mu yi, kuma ba ya bukatar kwamfuta. Da littafin makaranta mai bango mai kauri da biro da sikeli muka fara.

Kafin mu buɗe littafin sai da muka je gaida Sarkin Ruwa, don babu abin da zai tsaya a gaɓa ba da saninsa ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, so muke duk kifin da muka saya mu san mai shi." Ya saurara, ya ce a tara masunta su ji da kunnensu. Duk da haka, washegari da asuba da na tsuguna kusa da jirgin wani dattijo ina tambayar sunansa, sai ya ajiye filafilinsa ya dube ni.

"Ɗana, wannan rubutun na haraji ne?"

"A'a, Baba. Don in an yaba kifinka a Abuja a san naka ne."

"In kuma an kushe fa?"

"Shi ma a san inda za a gyara."

Ya yi shiru, sannan ya ce in rubuta, amma in karanta masa abin da na rubuta. Tun daga ranar muka mayar da shi ka'ida: duk layin da aka rubuta sai an karanta wa mai kifin a gaban mutane. Rana, sunan masunci, gaɓar da ya sauka, irin kifin, kayan kamun, ko kalli ne ko birgi ko mamari ko gura, sai nauyi. Wasu sun fi son a rubuta da ajami don su iya dubawa da kansu, muka yarda.

Wahalar gaske a wurin banda take. Mai banda ta saba ta zuba duk abin da ya zo a kan waya ɗaya, don itace yana da tsada kuma wuta ba ta jira. Dabarar da ta yi mana aiki daga wata Inna ta fito, ba daga gare ni ba. Ta ce a riƙa ɗaura wa kowane kwando zare mai launi, kowace gaɓa da launinta, kamar shaidar da makiyayi ke yi wa shanunsa. Zaren yana bin kifin daga kwando zuwa gefen waya, daga nan zuwa kwali, sai mu rubuta lamba a jikin kwalin da ta dace da shafin littafi. Muna auna ɗanye, mu sake aunawa bayan ya bushe. A littafinmu tarwaɗa takan koma wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Da zarar ka san wannan, in busasshen ya fi abin da ɗanyen zai iya bayarwa, ka san an shigo da kifin wani wuri. Irin lissafin da masu binciken waje ke yi ke nan.

Amfanin farko da damina muka gan shi. Hajiya ta kira ta ce kwali ya iso mata da fumfuna. A da, da asarar ta hau kan kowa, a yi ta zargin juna. Wannan karon ta karanto lambar, na buɗe shafin, muka ga rana ɗaya ce da wuta ɗaya, ranar da ruwan sama ya hana kifin bushewa sosai. Wannan kason kaɗai aka janye, mai bandar ta ƙara wa sauran wuta, ciniki ya ci gaba.

Littafin ya kuma sa muka yi maganar da ake kauce wa. Kowa a harkar nan ya san ana yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don kada tsutsa ta cinye shi. Sinadarin da ke cikin irin wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015. Muka yi yarjejeniya cewa kwalin da ke da lambarmu ba za a sa masa komai ba, kuma tunda sunan mai banda yana shafi, kowa ya kiyaye. Hayaƙi ma yana da nasa haɗarin. Tun 2014 Turai ta rage adadin gubar hayaƙi da aka yarda a samu a kifin banda zuwa maikirogiram 2 a kilo, kuma wutar da ake hurawa kai tsaye ƙarƙashin kifi, mai yana ɗiga a kanta, takan wuce haka. Don wannan ne FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yaɗa murhun banda mai suna FTT da aka ƙera a Senigal, wanda ke tare man kada ya faɗa wuta. Amurka kuwa ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Najeriya tun Maris 2018, ba don kifin wani mutum ba, sai don tsarin binciken Najeriya bai cika sharuɗɗanta ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne shafin kayan kamu. Dokar kamun kifi ta ruwan cikin ƙasa ta 1992 ta hana koma mai ido ƙasa da milimita 76, wato inci 3, ban da ta kamun warangi, ta kuma hana guba da nakiya da lantarki. An yi yaƙi da komar dala a tafkin nan tun aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na shekarun 1990, saboda tana kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi. Amma in ka jera shafukan wata da watanni, za ka ga ƙarfasar da ake kawowa tana ƙanƙancewa. Muka yanke cewa ba za mu sa lambarmu a kan kifin ƙaramin ido ba. Wasu masunta suka koma wurin dillalan da ba sa tambaya, kuma ban ga laifinsu ba, don mai iyali ba zai bar abin da zai ci yau saboda alkawari ba. Waɗanda suka tsaya sun tsaya ne saboda mun sa Hajiya ta ƙara wani abu a kan kowane kilo mai lamba, kuma a gaɓa ake biyan ƙarin, hannu da hannu, a rubuta a layin mai kifin. A ganina duk tsarin shaidar da ribarsa ta tsaya a shagon birni ba zai daɗe ba.

Yanzu wasu gaɓoɓi biyu sun nemi mu koya wa yaransu riƙe littafin, kuma mun fara ɗaukar hoton shafuka da waya muna tura wa masu saye ta WhatsApp kafin mota ta tashi. Muna shirin kai kwafin lissafin ga sashen kula da kifi na jiha da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa, domin in har wata rana za a nemi shaida ga kifin Kainji, irin wannan lissafin na gaɓa daga ɓangaren Kebbi da na Neja za a fara tambaya.