Kwana huɗu a kan hobabod

Ɗan ƙanwata ne ya zo da ita daga Abuja hutun ƙaramar Sallah: allo mai taya biyu, ba kai, ba birki, ba abin riƙewa. Hobabod suke ce mata. Segway, makamanciyarta mai taya biyu da ta fito a 2001, aƙalla tana da sandar kamawa, wannan kuwa ƙafa kaɗai aka bar maka. Shekarata goma sha biyar ina tuƙa babur a Gombe, Jekadafari zuwa Tumfure kullum, duk sanina da tuƙi a hannu yake.

A tsakar gida muka fara, kan daɓen siminti. Na ɗora ƙafar dama, na ji injin ya farka a ƙarƙashin tafin ƙafata. Ina ɗora ta hagu sai allon ya hau karkarwa, gaba da baya, har na cafke kafaɗar yaron.

"Kawu, ba ita ke rawa ba, ƙafarka ce," in ji shi. "Daina kallon ƙasa, kalli dogon yaron can."

Na ɗaga kai, na sassauta gwiwa kaɗan, sai ta tsaya cak. Kowace taya da injinta, kuma akwai na'ura a ciki mai auna karkatar allon. Duk ɗan motsin da fargaba ta sa idon sawunka ya yi, umarni take ɗaukarsa. Ka danna yatsu ta yi gaba, ka danna dunduniya ta rage gudu ko ta ja baya.

Shan kwana shi ya fi ba ni wahala. In hagu kake so, yatsun dama za ka danna, domin tayar dama ce za ta zagayo da kai. Kwana biyu jikina yana gardama da wannan kafin ya yarda.

Faɗuwa ɗaya na yi, a rana ta uku, wajen sauka. Na sauke ƙafa ta gaba, ɗayar ta danne allon, ya zabura ya daki agarata, na zube a kan gwiwar hannu. Ta baya ake sauka, kuma wannan ya kamata a fara koya wa mutum tun kafin ya hau.

Yashi ma ba ta sonsa. Ƙananan tayoyin nan suna shiga rairayin layinmu suke kafewa, mutum ya wuce ya bar ta.

Batirin ne ya fi damuna. A 2016 an janye sama da 500,000 daga kasuwar Amurka saboda kama wuta. Ga zafin bazarar Gombe, shi ya sa na hana a bar ta a rana, na kuma hana a kwana da ita a caji. In an kawo wuta, awa biyu zuwa uku, da babba a kusa.

Rana ta huɗu, bayan Asuba, na zagaye dogon yaron sau uku hannuna a baya. Da hantsi na tafi kasuwa neman hular kwano, tunda yaran gidan sun fara layi.